Abin da ke faruwa da zuciya idan aka matse jijiyoyin hanta lokacin tiyata

Hanta na daga cikin sassan jikin da jini ya fi kwarara a cikinsu. Kusan kashi 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa ta hanta yake bi, wato kimanin lita 1.5 a kowane minti. Wannan ne ya sa zubar jini ta zama babbar barazana ga mai jinya yayin yi wa hanta tiyata, ko don cire ƙari ko don gyara raunin da aka samu a hatsarin mota.

A shekarar 1908, wani likitan tiyata a birnin Glasgow na Birtaniya, James Hogarth Pringle, ya bayyana dabarar matse jijiyoyi biyu masu kai wa hanta jini: wadda ke ɗauko shi daga hanji da saifa, da wadda ke kawo shi daga ɓangaren zuciya. Har yau ana amfani da dabarar, sai dai nauyinta kan koma kan zuciya.

Da zarar an matse jijiyoyin, jini yakan taru a hanji, wanda ke komawa zuciya ya ragu, sai abin da take harbawa ya ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. Jiki kan mayar da martani ta hanyar tsuke sauran jijiyoyi, shi ya sa jinin mai jinya yakan ɗan hau maimakon ya sauka.

Lamarin ya fi tsanani idan aka haɗa da matse babbar jijiyar da ke bi ta bayan hanta tana mayar da jinin ƙafafu da ƙoda zuwa zuciya. A nan jinin da zuciya ke harbawa na iya raguwa da kusan rabi, bugunta ya ƙaru. Saboda haka likitoci kan fara gwadawa na 'yan mintuna, idan jini ya faɗi su sauya dabara.

Sakin jijiyoyin ma yana da nasa haɗarin, domin jinin da ya taru yana dawowa da gurɓatattun sinadarai da ke sa jini ya sauka farat ɗaya. Don rage illar, galibi ana matsewa na minti 15, a saki na minti 5.

Saboda haka wajibi ne duk wanda za a yi wa tiyatar hanta ya sanar da likitan sa barci idan yana da hawan jini ko ciwon zuciya, da kuma magungunan da yake sha, tun kafin ranar aiki.