Tsakanin Hana Taru da Rufe Ruwa

Daga watan Fabrairu kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram yakan koma rairayi, sai gurabe nan da can inda ruwa ya kwanta. Daga tsaunukan Jos ruwan yake saukowa, ya biyo ta ƙasar Bauchi ana kiransa Bunga, a gaba a kira shi Jama'are, har ya je ya haɗu da kogin Haɗeja. Da damina ba mai tunkararsa. Da rani kuwa duk kifin da ya rage yana cikin waɗannan gurabe, a tsare kamar awaki a garke. Can nake zuwa ranar Asabar da gorar fatsata da gwangwanin tana, tun ina ɗan makaranta har yanzu da furfura ta fito mini.

Bara na isa wani gurbi da na saba, da hantsi, na tarar ruwan ya dame kamar kunu. An ja shi da daddare. A kan rairayi an shanya 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa, mafi yawansu ba su kai ɗan yatsa ba, ga yagaggen gidan sauro an yar a gefe, irin wanda ake raba wa masu juna biyu a asibiti. Na zauna har azahar, ko taɓa ƙugiyata ba a yi ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Mu masu fatsa a wannan yanki ba mu da yawa: malaman makaranta ne, da ma'aikatan lafiya, da 'yan fansho. Da na ba abokaina labari a Birnin Kudu, inda su ma suke kuka da irin wannan ɓarna a kogin Iggi, sai ɗaya daga cikinsu ya ce magani ɗaya ne, a yi mana irin ta Amurka, a hana raga gaba ɗaya.

Abin da yake nufi ya faru da gaske. A jihar Tekzas masu fatsar nishaɗi sun kafa ƙungiya a 1977 saboda wani jan kifi na bakin teku da suka ga yana ƙarewa, kuma zuwa 1981 sun sa majalisar jihar ta haramta kama shi don sayarwa. A Fulorida abin ya fi haka zafi. A watan Nuwamba na 1994 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 72 cikin ɗari suka yarda a hana kalli a ruwan jihar, dokar ta fara aiki a Yuli na 1995. Gwamnati ta sayi ragar wasu masunta ta biya su diyya, amma iyalai da dama da suka gaji su kaka da kakanni sun bar sana'ar ke nan har abada.

Ba zan raina wannan hanya ba, don tana da abin da mu ba mu da shi. Tun 1950 akwai dokar tarayya a can da ta ɗora haraji kan kayan fatsa, kuɗin kuma jihohi ake mayar wa su kula da kifi. Mai fatsa yana sayen lasisi, an ƙayyade masa yawan kifin da zai ɗauka da tsawonsa, akwai ma'aikata masu ƙirga abin da ke cikin ruwa. Idan suka ce kifi ya ragu, da alƙaluma suke magana. Mu sai dai mu ce "ai da ba haka yake ba."

Sai dai a duba su wane ne suka yi nasara, su wane ne suka sha ƙasa. Masu fatsa a can sun fi masunta yawa nesa ba kusa ba, sun fi su kuɗi, sun fi su shiga wurin masu mulki. A nan lissafin a juye yake. Wata rana na tarar da wani dattijo basarke yana ɗinkin birgi a inuwa, na gaishe shi, na ba shi labarin gidan sauron nan, na ce, "Baba, ba kwa tsoron ranar da za a wayi gari babu kifi?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, kai in ka koma gida ba ka kama komai ba, uwargida ta riga ta tuƙa tuwo da albashinka. Ni in na koma haka, sai yara su kwana da yunwa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya zura yatsunsa uku cikin idon ragar ya nuna mini. "Gidan sauron nan da kake faɗa ba aikinmu ba ne. Yaran da suka ja shi ba su gaji su ba, babu ce ta koro su ruwa."

Wannan magana ta tsaya mini. Dokar da za ta hana raga za ta fara da wannan dattijo, wanda ragarsa ke sakin ƙananan kifi, alhali mai gidan sauro da dare yake zuwa, kuma da dare zai ci gaba da zuwa. Za ta cire bandar kifi daga miyar matar da ba ta iya sayen nama, don ni in ji daɗin Asabar ɗina. Ban ga fuskar da zan nemi haka da ita ba.

Hanya ta biyu tamu ce, mun tashi mun same ta. Idan ruwa ya janye bayan kaka, sarkin ruwa yakan sa a yi shela cewa an rufe gurbi kaza da tabki kaza. Ba wanda aka ce ya bar sana'arsa, lokaci aka hana kowa. Mai taru da mai homa da yaro mai fatsa duk dole su jira. Hikimar a fili take: kifi da damina yake hayayyafa cikin ciyawar fadama, 'ya'yan su biyo ruwa su taru a gurabe, watannin da aka ba su kuwa su ne na girmansu. Ina tuna ranar buɗewa ina yaro, ana kiɗa, maza sun jeru a bakin ruwa kowa da gorarsa da homarsa, mata da ƙwarya a baya, a faɗa ruwa gaba ɗaya. Da yamma har tsohuwar da ba ta da kowa sai an kai mata rabonta.

Bikin Argungu wannan al'ada ce ta girma. Tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ake yin sa a Matan Fada, ruwan da ake tsarewa sai ranar su. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a ruwan da ake ja kowane dare.

Amma rufe ruwa da kunya yake aiki, da jin maganar manya, su kuwa sun yi rauni. Wanda ya zo a kan babur daga wata ƙaramar hukuma bai san sarkin ruwa ba, balle ya ji nauyinsa. Wani yakan zuba gubar Gamalin a gurbi, kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami, a kwashe a kai kasuwa mutane su ci, shanun Fulani kuma su sha ragowar ruwan. Wani mai kuɗi yakan sayi tabki sukutum ya sa a kwashe shi ƙarƙaf. Ga injinan ban ruwa na masu tumatir da shinkafa suna zuƙe guraben kafin lokacin buɗewa ya yi. Su ma abinci suke nema, shi ya sa maganar take da wuya. Kogin kansa jihohi yake ratsawa, shelar sarkin ruwa kuwa ba ta wuce ƙauyukansa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, muna da doka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, kusan inci uku. Kayan aiki ta hana, ba mutum ba, kuma abin da dattijon nan ya gwada mini da yatsunsa ke nan. Matsalar ita ce jami'in gwamnati ba zai kwana a bakin kowane gurbi ba, sarkin ruwa kuwa a nan yake kwana. Ɗaya yana da takarda ba ido, ɗayan yana da ido ba ƙarfi. Ni abin da nake so mu ara daga Amurka shi ne ƙirga da rubutawa da biyan kuɗin kula da ruwa, mu masu fatsa mu fara biya. Hana raga kuwa su riƙe abinsu. A ba sarkin ruwa takarda daga ƙaramar hukuma da goyon bayan hakimi, yadda wanda ya ja rufaffen gurbi zai san alƙali zai gani.

Bana dattijon ya ce mini za su gwada rufe gurabe biyu har zuwa bazara, ya kuma tambaye ni ko mu ma za mu ajiye fatsa. Na ce za mu ajiye. Biyu daga cikin abokaina har yanzu ba su yarda ba, suna cewa ƙugiya ɗaya me za ta rage wa kogi. Ranar Juma'a zan sake shiga mota zuwa Birnin Kudu mu zauna a kan maganar.