Cakin Rarar Haraji a Birtaniya Bayan Sauya Gida

A Birtaniya, yawancin ma'aikata ba sa zuwa ofishin haraji da ƙafarsu. Wurin aikinsu ne ke zare harajin daga albashi tun kafin ya shiga asusu, ya miƙa wa hukumar tara harajin ƙasar, wadda aka fi sani da HMRC. Wannan tsari ya fara aiki tun 1944. Shekarar haraji tana farawa ne ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Bayan ta ƙare, hukumar takan kwatanta abin da aka cire wa mutum da abin da ya kamata ya biya. Idan an cire fiye da ƙima, sai ta aika masa da takardar lissafi mai suna P800, a sanar da shi yawan rarar da za a mayar masa.

Rarar takan samu ta hanyoyi kaɗan sanannu. Fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a cire masa haraji, kuma ana raba wannan rangwame ne a kan watanni goma sha biyu. Wanda ya yi aiki wata bakwai ya tsaya bai ci moriyar rangwamen sauran watannin ba. Wanda ya kama sabon aiki bai kai takardar P45 daga tsohon wurin aikinsa ba, akan ɗora shi a kan lambar haraji ta wucin gadi, wadda sau da yawa takan ci fiye da haƙƙinta. Haka ma mai aiki biyu. Waɗannan su ne halayen da sababbin zuwa suka fi shiga, irin ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi da ɗalibai daga Najeriya da Ghana, kuma sukan yawaita tashi daga wannan ɗakin haya zuwa wancan. A nan ne kuɗin mutane da yawa ke maƙalewa.

Hukumar tana aika wasiƙa ne zuwa adireshin da ke cikin kundinta. Sanar da banki ko likita ko ƙaramar hukuma cewa an tashi ba ya gyara wannan kundi, kuma bai kamata a dogara da wurin aiki ya yi ba. Mai haƙƙin ne zai gyara da kansa, ta shafin harajinsa na intanet ko ta manhajar hukumar a waya. Hukumar ta ce a bari sai an tare a sabon gidan sannan a sanar da ita. Aikin 'yan mintoci ne, amma shi aka fi mantawa cikin hidimar kwashe kaya.

Gidan wayar ƙasar, Royal Mail, yana da tsarin karkatar da wasiƙu daga tsohon adireshi zuwa sabo na tsawon wata uku, ko shida, ko shekara guda, kuma biya ake yi. Ga wanda yake jiran kuɗi ko wata takarda mai muhimmanci, kuɗin da zai kashe a nan bai kai asarar da zai kauce wa ba. Idan ba a yi haka ba, ambulan ruwan ƙasa mai ɗauke da cak zai faɗa ta ramin ƙofar tsohon gida, ya kwanta cikin tarin takardun talla. Sabon ɗan haya mai kirki zai rubuta a bayansa cewa mai sunan ya tashi, ya jefa cikin akwatin gidan waya. Da zarar wasiƙa ta koma hannun hukumar, takan sa alama a kundin mutumin ta dakatar da aika masa saƙo har sai ya ba da sabon adireshi. Kuɗin ba su ɓace ba, suna nan ajiye, sai dai ba wanda zai biyo mai su da su.

Tun daga ƙarshen watan Mayun 2024 hukumar ta rage aika cak haka kawai. Yanzu takardar P800 takan ce wa mafi yawan mutane su nemi kuɗinsu ta intanet, inda akan tura su asusun banki cikin kwanakin aiki biyar. Wanda ya zaɓi cak zai iya jiran mako shida. Akwai kuma waɗanda takardar tasu ke cewa cak na nan tafe, wanda yakan iso cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da aka rubuta ta. Ga mai shirin tashi, turawa ta asusu ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, domin ba ruwanta da inda mutum yake kwana.

Wanda cak ya riga ya zo hannunsa yakan damu da cewa wasiƙar tana ɗauke da tsohon adireshi, banki kuma ya san shi da sabo. Wannan ba ya hana komai. Suna banki yake dubawa. A fuskar cakin akwai layi biyu da suka ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, da rubutu a tsakaninsu mai nuna cewa asusun mai sunan kaɗai za a zuba kuɗin. Dokar cak ta 1992 ce ta ba wannan rubutu ƙarfi: ba a sa hannu a bayan irin wannan cak a miƙa wa ɗan'uwa ko aboki ya zuba a nasa asusun. Shi ya sa ko ya faɗa hannun baƙo a tsohon gida, da wuya ya amfana da shi.

Batun suna ya fi shafar Hausawa fiye da yadda ake zato. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a fasfo, Mohammed a wurin aiki, Muhammadu a wata tsohuwar takarda. Wani sunan mahaifinsa ne aka ɗauka a matsayin sunan iyali a wuri ɗaya, a wani wurin kuma sunan kakansa ko na garinsu. Mace kan buɗe asusu da sunan mahaifinta, daga baya a rubuta ta da sunan mijinta a wurin aiki. Ƙaramin bambanci ma'aikacin banki na iya wucewa da shi idan an nuna fasfo ko takardar aure, amma babba kan sa a ƙi cakin. Mafita ita ce a gyara sunan a kundin hukumar ya dace da na banki harafi da harafi, sannan a nemi ta sake rubuta wani.

Zuba cakin kansa ya yi sauƙi. Ana iya kai shi reshen banki, ba lallai sai reshen da aka buɗe asusu ba. Bankuna da dama suna karɓa ta manhaja: a shimfiɗa cakin a kan tebur mai duhu inda haske yake, a ɗauki hoton gaba da na baya yadda kusurwoyi huɗun za su fito, a rubuta adadin kuɗin. Kowane banki yana da iyakar kuɗin da yake karɓa ta wannan hanya, kuma yana da kyau a adana takardar har sai kuɗin sun bayyana. Tun da aka fara tantance cak ta hoto a 2017, kuɗin kan zauna kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba, maimakon kwanakin aiki shida na da. Wasu bankunan sun yarda a zuba ta gidan waya, wanda ke ƙara kwana ɗaya ko biyu, wasu bankunan manhaja zalla kuma ba sa karɓar cak sam. Shagunan da ke canja cak su ba da tsabar kuɗi nan take suna yanke kaso mai tsoka, bai kamata mai asusu ya kai musu guminsa ba.

Bankuna galibi ba sa karɓar cakin da ya wuce wata shida da rubutawa. Wanda ya tsinci nasa a makare, ko ya tabbatar ya ɓata, sai ya tuntuɓi hukumar da lambar inshorarsa ta ƙasa, a soke tsohon a fitar da sabo. Wanda kuma yake ganin an cire masa fiye da ƙima amma bai ga wata takarda ba, yana da shekara huɗu daga ƙarshen shekarar harajin ya nema. Rarar shekarar da ta ƙare ran 5 ga Afrilun 2024, alal misali, ƙofarta a buɗe take har 5 ga Afrilun 2028. A lokacin jira ne 'yan damfara ke samun shiga, da saƙon waya ko imel mai cewa a latsa nan a karɓi kuɗin haraji. Hukumar ba ta neman bayanan asusu ta irin wannan saƙo.

Sauyin gida mafi wahala shi ne na mai barin ƙasar gaba ɗaya. Wanda zai koma Kano ko Kumasi a tsakiyar shekarar haraji yakan cike fom ɗin P85, kuma sau da yawa yana da rara, tunda bai cika watanni goma sha biyu yana aiki ba. Cakin da fam ake rubuta shi, kuma bankin da ke wajen Birtaniya ko dai ya ƙi karɓa, ko ya ɗauki makonni tare da cajin da zai cinye wani ɓangare na kuɗin. Don haka ya fi dacewa matafiyi ya bar asusunsa na Birtaniya a buɗe har kuɗin su shiga, ko ya rubuta sunan wani amintacce mazaunin can a cikin fom ɗin a matsayin wakilin da za a biya a madadinsa.