Tsintar Baitoci: Daga Kundin Palgrave Zuwa Ajin Gurbin Bore

Ɗalibin da ya zaɓi darasin adabin Ingilishi a sakandare, ko a Gurbin Bore yake, ko Zurmi, ko Shinkafi, ranar jarrabawar WAEC zai tarar da wasu layuka da aka tsamo daga wasan kwaikwayon Shakespeare. Za a tambaye shi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma me ya jawo maganar. Wannan ɗabi'a ta yanko baitoci a ba yaro ya nazarta tana da dogon tarihi.

A shekarar 1861 Francis Turner Palgrave ya fitar da kundinsa mai suna Golden Treasury a Ingila, bisa shawarar abokinsa mawaƙi Tennyson. Ya tattara gajerun waƙoƙin Shakespeare da Milton da Wordsworth da Keats da Shelley, ya kuma ƙi saka duk wanda ke raye a lokacin. A 1900 Arthur Quiller-Couch ya biyo baya da kundin waƙoƙin Ingilishi na Oxford. Littafi ɗaya mai araha ya ɗauke wa makaranta nauyin sayen littattafai da yawa, shi ya sa irin waɗannan kundaye suka bi Turawan mulki duk inda suka kafa aji. A Arewa, Kwalejin Katsina da aka fara a 1921, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello, ta yi suna wajen horar da ɗalibai kan lafazin Turanci da karatu a bayyane.

Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin zuwan Bature, malaman zaure suna biya wa almajirai Ishiriniya da Burda baiti-baiti, suna fassara kowace kalma, suna bayyana dalilin waƙar. Ƙarfin karatun yana cikin wannan bayanin. Shi ne kuma ake yawan rasawa a aji: a ba yaro baiti kan dusar ƙanƙara ko wani fure da bai taɓa gani ba, a ce ya haddace. Baitin da aka raba da labarinsa kamar reshe ne da aka sare daga itace, ba ya daɗewa da ɗanyen ganye. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya gane haka, ya mayar da wani wasan Shakespeare sukutum zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

Akwai wani darasi kuma. Mai zaɓen baitoci shi ke yanke wa na baya abin da za su ɗauka a matsayin waƙa. Da 'yan Afirka suka farga, Donatus Nwoga ya fitar da kundin waƙoƙin Afirka ta Yamma a 1967, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya fitar da Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da da Na Yanzu a 1979.

Ƙasar Zamfara da maƙwabtanta sun haifi fasihai irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda azancinsa ya isa a nazarce shi a kowane aji. Ya kamata malaman Hausa na wannan yanki su zauna da dattawan da suka san asalin waƙoƙin, su rubuta baitocin tare da tarihin kowanne, su buga ƙaramin kundi mai sauƙin kuɗi domin makarantu. Yaron da ya koyi warware azancin mawaƙin garinsu zai shiga baitin Milton da ƙarfin gwiwa.