Madubin Tsohon Babur: Zaɓensa da Ɗaura Shi

Baburan da aka ƙera tsakanin 1950 da 1980, irin su BSA da Triumph da Norton na Ingila, da Honda da Yamaha na Japan, da Vespa ta Italiya, yanzu sun shiga sahun kayan tarihi, har akwai masu neman su don su gyara su hau saboda sha'awa. A Nijeriya ma akan ci karo da ragowar waɗanda ma'aikata suka saya da kuɗin Udoji a 1975. Abin da aka saba gani shi ne mai gyaran irin wannan babur ya kashe kuɗi a kan inji da fenti, sa'an nan ya bar madubi sai a ƙarshe, in ma ya saya, to, ya zaɓi wanda ya fi ƙyalli. Wannan kuwa ganganci ne, domin tsohon babur ba shi da saurin motocin da yake tarayya da su a hanya yanzu, saboda haka kullum shi ake cim wa daga baya. Duk wanda ake cim wa kuwa, ransa ya rataya ne a kan abin da yake iya gani a bayansa.

Tambaya ta farko ita ce, a wane hannu? Da yawa daga cikin baburan wancan zamani sun fito ne ba madubi, ko kuma da guda ɗaya tak. A Ingila da Japan ana tuƙi ta hagun hanya, mai wucewa yana ɓullowa ta dama, don haka a dama ake ɗaura madubin nan guda. Haka abin yake a Nijeriya har ranar 2 ga Afrilu, 1972, da aka yi canjin hannu, Gana kuma ta bi sahu a 1974. Tun daga lokacin, motar da za ta wuce mai babur ta hagunsa take zuwa. Wanda ya nace sai ya mayar da baburinsa daidai yadda ya fito daga kamfani, da madubi ɗaya a dama, to, ya zuba ido ne a kan bakin titi, ya bar gefen da tirela take tahowa a makance. Madubi biyu su ne daidai. In kuwa tilas sai ɗaya, na hagu ne.

Sai batun gilashin kansa, wanda iri biyu ne: shimfiɗaɗɗe da mai doro. A nan ya kamata a ɗan yi lissafi, don a ga inda ribar kowanne take. A ɗauki shimfiɗaɗɗen madubi mai faɗin santimita 10, wanda ke nesa da idon mahayi da santimita 60. Abin da zai nuna bai kai digiri 10 ba, wato a nisan mita 20 a baya, faɗin da ake gani bai wuce mita 3 da rabi ba, kimanin layin mota ɗaya ke nan. To, in aka lanƙwasa gilashin nan ya yi doro, kamar an yanko shi daga jikin ƙwallon da ke da santimita 120 daga tsakiya zuwa baki, sai faɗin abin da yake nunawa ya ninka. Amma fa ba a samun wannan a banza. Duk abin da ya bayyana a ciki girmansa ya ragu da rabi, ido kuwa ya saba auna nisa da girman abu, sai motar da ke mita 20 ta yi kama da wadda ke mita 40. Mutumin da ya saba da shimfiɗaɗɗen madubi, ranar da ya koma mai doro, yana iya karya kwana a gaban motar da yake zaton tana can nesa. Duk da haka mai doro ya fi dacewa da babur, muddin doron bai yi yawa ba, domin ido yana koyon gyara kuskuren nisa, amma ba ya iya gyara abin da bai gani ba sam. Ƙa'ida mai lamba 81 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta iyakance doron tsakanin santimita 100 da 150 a ma'aunin da aka ambata, ta kuma hana madubi mai da'ira ya gaza milimita 94 a faɗi. Ƙananan maduban nan na ado, masu kama da murfin gwangwani, ba su kai wannan ba.

Madubi mai kyau ma ba shi da amfani in kafaɗar mahayi ce ta cika shi. Baburan Ingila na wasanni kansu tsukakke ne, wato ƙarfen da ake riƙewa gajere ne, shi ya sa madubi mai gajeriyar sanda ba ya nuna komai sai gwiwar hannu. Ga mai sanye da babbar riga abin ya fi muni, da yake iska tana buɗa hannun rigar. Magani shi ne sanda mai tsawon da zai fitar da gilashin waje da kafaɗa, ko kuwa madubin da ake cusawa a bakin ƙarfen, can ƙarshen mariƙi. Wannan na biyu ya fi kowanne buɗe baya, sai dai yana ƙara wa babur faɗi a cikin cunkoso, yana kuma sa mahayi ya sunkuyar da ido ƙasa. A hannun dama akwai abin tsoro: in aka matse shi ya danne robar totur, totur ba zai koma da kansa ba in an sake shi.

Tsawon sanda kuwa yana jawo wata matsala, wato karkarwa. Injin Triumph Bonneville, wanda ya fito a 1959, fistin biyu gare shi masu hawa da sauka tare, kuma girgizarsu tana bin ƙarfe har ta isa madubi. Wannan girgiza ce ta sa kamfanin Norton ya ɗora injin Commando a kan roba. Siririyar sanda mai tsawo, da kan madubi mai nauyi a bisanta, takan yi rawa har fitilar mota ɗaya ta zama uku. A nemi sanda mai kauri da kai marar nauyi, a kuma sa 'yar roba tsakanin maɗauri da ƙarfen.

Wajen ɗaurawa, awo ake fara yi. Kaurin kan baburan Japan da yawancin na Turai milimita 22 ne, na Harley-Davidson kuwa inci 1. Ramin madubi a baburan Japan milimita 10 ne, a ƙanana kuma 8. Tsofaffin baburan Ingila da awon inci aka yanka haƙoran notinansu, saboda haka notin milimita ba ya shiga sai da ƙarfi, in ya shiga kuma ya cinye ramin. Galibinsu ma ba su da ramin, sai a yi amfani da maɗauri mai rungumar ƙarfen. Akwai kuma wata dabara ta Yamaha da ta sha karya wa makanikai sanda: madubinta na dama a juye ake ɗaura shi, wato ana murɗa shi hagu ya ɗauru. Hikimar ita ce, in ya bugi wani abu a gaba sai ya kwance, maimakon ya fasa mazaunin birki. Bayan an ɗaure notin da ke riƙe sandar, sai a juya kan babur iyakarsa dama da hagu, a tabbata madubi bai taɓa tanki ba, bai tare hannun birki ko na kuloci ba, bai kuma ja waya ba.

Ba a daidaita madubi babur yana jingine. Mahayi zai hau ya zauna yadda yake zama a tafiya, ya karkata gilashin har gefen hannunsa ya rage ɗan kaɗan a kusurwar ciki, sauran duka hanya. In an ɗauki goyo ko kaya, bayan babur yakan sauka, madubi ya koma nuna kwalta, sai a sake gyarawa. Don sanin inda ganin madubin ya ƙare, sai a sa wani ya tako daga baya ta gefen hagu, a lura da inda ya ɓace daga gilashi kafin gefen ido ya kama shi. A wannan tazara ƙaramar mota sukutum tana iya ɓuya, shi ya sa ake waiwayawa ta kan kafaɗa kafin a canza layi ko a karya kwana, ko da madubi ya nuna hanya fayau.