Auna ingancin bayanin kayan aikin ƙirƙirarriyar basira wajen fitar da waƙa

Waƙar da aka haɗa a kwamfuta tana zaune ne cikin manhajar haɗa kiɗa, irin su FL Studio, Cubase, Ableton Live ko Reaper, ganga a layinta, fiyano a nasa, muryar mawaƙi da ta 'yan amshi kowace a nata. Fayil ɗin aikin ba ya kunnuwa a waya ko a gidan rediyo. Sai an fitar da shi zuwa WAV ko MP3, ko kuma a fitar da layukan ɗaya bayan ɗaya domin mai gyaran sauti. Wannan mataki yana cikin ayyukan da aka fara damƙa wa wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake yi wa magana su aiwatar da umarni da kansu.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen haɗa irin wannan wakili da wata manhaja ita ce ƙa'idar MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024. A ƙarƙashinta kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani a rubuce, da jerin bayanan da yake karɓa. Wakilin ba ya ganin yadda aka gina kayan daga ciki. Kamar ɗan aike ne da aka miƙa wa takarda: abin da ke rubuce shi zai bi, abin da aka manta kuwa sai ya cike da zato. Shi ya sa auna bayanin yake da nauyi daidai da gwada kayan aikin kansa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko bayanin ya faɗi abin da ke fita. "Fitar da aiki" kaɗai bai isa ba, domin fayil ɗin sauti daban ne, fayil ɗin MIDI daban. MIDI, wanda ake amfani da shi tun 1983, babu sauti a cikinsa. Umarni ne kawai na wane sauti za a buga, yaushe, da wane ƙarfi. Akwai kuma tsarin DAWproject da Bitwig da PreSonus suka fitar a 2023 domin ɗaukar aiki sukutum daga wata manhaja zuwa wata. Bayanin kirki yakan ambaci wanda yake fitarwa, ya kuma nuna lokacin da ya kamata a koma ga wani kayan aikin.

Inda ɓarna ta fi ɓuya shi ne wajen lambobi. A ce akwai gurbin da aka sa wa suna "ƙarshe", ba a faɗi ma'auninsa ba, wakili ya zuba 64. A waƙar da ke tafiya da bugu 120 a minti ɗaya, kowane bugu rabin daƙiƙa ne. Idan bugu ake nufi, za a fitar da daƙiƙa 32. Idan daƙiƙa ce, 64. Idan gaɓa mai bugu huɗu ce, 128. Dukansu za su fita ba tare da manhajar ta yi ƙorafi ba, sai mai waƙa ya kunna ya ji an datse amshi a tsakiya. Haka nan yawan ɗaukar samfurin sauti: faifan CD yana kan 44,100 a daƙiƙa, fim da bidiyo kuwa 48,000 aka saba. Ga sutudiyon Kano, inda waƙa takan wuce kai tsaye zuwa cikin fim, bambancin ba na wasa ba ne. Dole bayanin ya faɗi ƙimar da ake karɓa, da yadda ake rubuta ta, da wadda kayan zai ɗauka idan an bar gurbin babu komai.

Sai tambayar abin da kayan yake taɓawa. In akwai fayil mai suna iri ɗaya a wurin ajiya, zai hau kansa ne ko zai tsaya? Aikin kwana da kwanaki yana iya salwanta a nan. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a 2025 ya ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya gogewa, amma alamu ne kurum, maginin kayan shi ke cika su, kuma rashin faɗar maganar a fili cikin bayanin babban aibi ne.

Ana kuma duba amsar da kayan yake mayarwa. Fitar da doguwar waƙa yana ɗaukar lokaci, saboda haka wakili yana bukatar sanin ko amsar tana nufin an gama ne ko an fara, da kuma inda fayil ya sauka.

Tsawon bayani ba shi ne inganci ba, tunda duk kalmar da aka rubuta wakili zai karanta ta a cikin iyakataccen wurin da yake da shi. Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne a ba wakili buƙatu iri-iri da bakin masu sutudiyo, kamar "cire mini murya ita kaɗai" ko "ba ni wadda za a ɗora a fim", a ga kayan da ya zaɓa da lambobin da ya zuba. Duk inda ya yi kuskure ko ya tsaya yana tambaya, a koma ga jimlar da ta jawo hakan a gyara ta.