Masu Tseren Keke A Kan Duwatsun Faransa

Duk wanda ya taɓa ɗora buhun shinkafa a bayan keke daga fadama, ya nufi kasuwar Jahun, ya san inda wahalar hanya take. Ba tudu ba ne, gama ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Rairayi ne, da kuma iskar hunturu in ta taso ta gaba. Masu bishara da ke zaga ƙauyuka a kan keke sun san dabarar. In su biyu ne, sai ɗaya ya shiga gaba ya tare iska, ɗaya ya laɓe a bayansa, in an jima su yi canji. To, a kan wannan 'yar dabara aka kafa tseren keke mafi girma a duniya.

Sunan tseren Tour de France, wato zagayen ƙasar Faransa. An fara shi a 1903. Akan yi shi cikin watan Yuli, mako uku, zango 21, kowane zango yini guda, hutu kuwa kwana biyu kacal. Tafiyar takan wuce kilomita 3,000. Kullum ana tara lokacin da kowa ya ci, wanda nasa ya fi kaɗan shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa.

A ƙasa mai laushi taron yakan tafi dunƙule, kowa a bayan wani, da wuya a bar mutum. Sai an shiga duwatsu gaskiya ke fitowa. An sa duwatsun Pyrenees cikin tseren a 1910, na Alps kuma a 1911. Akwai wata mashiga da ake kira Galibier, tsayinta mita 2,642. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ka ga ke nan sukan bi ta inda ya ɗara ƙasarmu duka bisa, a kan keke. A hawa gudu yakan ragu, laɓewa bayan wani ba ta da amfani sosai, kowa nauyin jikinsa yake ja. Iska ta yi ƙaranci, numfashi ya yi wuya, ga gajiyar mako biyu a ƙafa. Mutumin da bai yi hasarar minti ɗaya ba cikin kwana goma sha biyar, sai ka ga ya zubar da minti goma cikin sa'a guda. Abin ba wasa ba ne. A 1967 wani Bature ɗan Ingila, Tom Simpson, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux cikin zafin rana, aka iske ya sha ƙwayar ƙara ƙarfi da barasa.

Amma ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kowace ƙungiya mutum takwas ce a yanzu, ɗaya ne kawai ake nema wa nasara. Sauran, kalmar da Faransawa ke kiransu da ita ma'anarta bara. Su ke komawa baya su ɗebo gorunan ruwa, su ke tare iska, su ke jan maigidansu har rabin dutse, in ƙarfinsu ya ƙare su kauce. Sau da yawa ba wanda ke tuna sunansu.

Akwai dai wanda ba a manta ba. A 1934 wani saurayi mai shekara 20, René Vietto, ya shiga tseren yana yaron Antonin Magne. A Alps yaron ya nuna ba mai kama shi a hawa. Da aka zo Pyrenees, ana gangara, Magne ya faɗi, ƙafar kekensa ta gaba ta lalace. Vietto ya kwance tasa ya ba shi, ya zauna a kan katangar bakin hanya yana jiran motar gyara, yana kuka. Wani ya ɗauki hotonsa a nan, Faransa duka ta gani. Kashegari kuma keken Magne ya sake samun matsala. Vietto yana can gaba, da labari ya iske shi sai ya juya, ya sake hawa tudun da ya gangaro, ya miƙa wa maigidansa kekensa. Magne ya ci tseren, Vietto ya zo na biyar, kuma har ya daina tsere bai taɓa cin sa ba. Ni kam hawayen nan ne suka fi kama ni. Bai ba da ƙafar nan don abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai, ya kuwa bayar. In muna karanta zancen ɗaukar nauyin juna a Galatiyawa sura 6, mukan manta nauyi ne fa, yana da ciwo.

Can baya kuma akwai wani taron. Masu jiki, waɗanda gudun fili ne gwanintarsu, dutse azaba ne gare su. Ga doka: wanda ya makara fiye da lokacin da aka yanka bayan isowar na farko, an fitar da shi. Saboda haka sukan haɗu, ko da ƙungiyoyinsu dabam dabam ne, su tafi tare, masu ƙwarewa suna lissafin minti nawa ya rage, ana miƙa wa juna ruwa da abinci. Jiya abokan hamayya, yau abokan wahala.

Irin wannan jarrabawa ɗan Afirka Biniam Girmay, mutumin Iritiriya, ya sha a 2024. Ya ci zango uku a fili, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya taɓa cin zango. Yana sanye da koriyar riga ta masu tara maki, amma rigar ba ta zama tasa sai ya kai ƙarshe. A zango na 16 ya faɗi ya ji ciwo, ga Alps a gabansa, har da hanyar Bonette mai tsayin mita 2,802. Ya daure ya haye su cikin lokaci, ya isa birnin Nice ran 21 ga Yuli da rigarsa a jiki.