SAYAYYA TA WAYA: IN KAYA SUN MAKARA A HANYA, LAIFIN WA?

Daga cikin abubuwan da zamani ya kawo mana akwai wani irin ciniki wanda mai saye ba ya ganin mai sayarwa, ba ya kuma taɓa abin da ya saya sai bayan kuɗinsa sun riga sun fita. Mutum yana zaune a zaurensa a Gwandu, ko a ofis a Kalgo, sai ya ɗauko wayar hannu ya duba hotunan kaya, ya zaɓi wanda ya yi masa, ya tura kuɗi, sa'an nan ya zauna jira. To, wannan jira shi ne abin da mu ke so mu yi magana a kansa yau, domin ya zama abin ƙorafi a bakin ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda su ne suka fi kowa shiga wannan ciniki a garuruwanmu, tun da ya ke su ke da albashi a banki, su ke kuma iya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto.

A ce wani malamin makaranta a Gwandu ya ga shadda, ya biya tun azumi yana da kwana 5, aka ce masa mako guda za ta iso. Mako ya wuce, biyu suka wuce, tela ya ce ya rufe karɓar ɗinki, shadda ba ta iso ba sai bayan an sauko daga Idi. Kayan nan ba su ɓace ba, ba su kuma lalace ba, amma amfanin da aka saye su dominsa ya riga ya wuce, albashin wata kuwa ya tafi. In ya buga wa mai kaya waya sai ya ce masa, "Malam, ai ni na ba da tuni, yana hannun masu mota." In ya nemi masu mota sai su ce ba su san shi ba, mai kaya suka sani. Wa zai kama ke nan?

Kada a ɗauka wannan sabon abu ne ɗungum. Dattawan da suka yi aikin En'e kafin a rushe ta a 1976 za su tuna da zamanin da akawu ko malamin makaranta kan samu littafin hotunan kaya daga kantunan Ingila, ya zaɓi takalmi ko agogo, ya je gidan waya ya aika da kuɗi, ya dawo ya haƙura. Jirgin ruwa mai ɗauke da wasiƙu kan yi wajen mako 2 tsakanin Libaful da Ikko. Daga nan ƙunshi ya hau jirgin ƙasa, shi kuwa jirgin ƙasa iyakarsa ta wannan fuska Ƙauran Namoda, inda dogo ya tsaya tun 1929, bai taɓa isowa Sakkwato ba balle Birnin Kebbi. Saura sai mota, sai kuma masinja. Amma a wancan zamani ba mai tsammanin takalminsa kafin wata 2 ko 3, sabo da haka ba a cika jin ƙara ba. In an koma baya ma, fataken da su kan bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro watanni su ke yi, wanda ya ba su sautu kuwa ya san sai Allah ya dawo da madugu lafiya. Abin da ya sake yanzu shi ne alkawari. Da ba a yanka wa mutum rana, yau kuwa ana rubuta masa ita ƙiri-ƙiri a fuskar wayarsa, kuma bisa ga ranar nan ya ke shirya sallarsa ko bikin 'yarsa.

Manyan kasuwannin intanet na ƙasar nan, watau Jumia da Konga, an kafa su ne a Ikko a 2012, shekara ɗari da ɗaya bayan dogo ya isa Kano. Ya kamata mai karatu ya gane cewa irin waɗannan kasuwanni sun fi kama da fatoma ko dillali bisa ga mai kanti. Yawancin kayan da a ke gani a ciki na wasu 'yan kasuwa ne dabam, waɗanda suka baje kolinsu a rumfar kamfanin, shi kuma yana yankan la'adarsa. Sa'ad da mutum ya yi oda, mai kaya zai ɗaure ya kai wa ma'ajiyar kamfani, kamfani ya tara da na wasu ya ɗora wa mota, mota ta sauke a babban gari, sa'an nan a nemi wanda zai ƙarasa da shi ko a kira mai shi ya zo ya karɓa. Hannu uku ke nan ko huɗu, kowane kuwa yana iya zama inda kaya suka kwana. Wanda ya sayi abu daga ƙasar Sin ta AliExpress ko Temu, sai ya ƙara da jirgin sama ko na ruwa da kuma shingen kwastan.

Sai kuma hanya. Motar da ta taso daga Ikko za ta bi ta Badun da Ilori, ta haye Kwara a Jabba, ta wuce Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Koko, ta faɗo Jega, tafiyar da ta fi mil 500. Wannan hanya kuwa ba kullum ta ke da lafiya ba. A daminar 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Jabba da Mokwa ta karye, manyan motoci suka yi cirko-cirko, a watan Mayu na 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta ci rayuka masu yawa ta kuma ɓata hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, don haka ba mai tayar da mota rabin lodi. Ƙunshin malaminmu na iya kwana 4 a ma'ajiya ba don kowa ya manta da shi ba, sai don ana jiran a cika.

A nan ne bambancin garuruwan nan biyu ya ke fitowa. Kalgo tana bisa titin da ya haɗa Jega da Birnin Kebbi, kusa da babban birnin Jiha, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 a maƙwabtaka da ɗalibanta masu yawan oda, sabo da haka abin da ya iso Birni da safe yana iya kwana a Kalgo. Gwandu kuwa, ko da ya ke ita ce ta ba masarautar sunanta, a nan kuma hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ke, tana gabas ne a gefe da babbar hanya. Ƙunshi ɗaya tak ba ya biyan man da za a ƙona a kai shi can. Sau da yawa sai dai mai kaya ya biya kuɗin mota ya zo Birni da kansa, ko ya roƙi direban tasha ko ɗan kabu-kabu. Ga kuma sha'anin adireshi. Mu nan kwatance mu ke yi, bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai unguwa, alhali kuwa takardar kamfani lambar gida da sunan titi ta ke nema.

To, da mun san inda kaya ke tsayawa, sai mu koma ga tambayarmu. Ba mu masu ba da fatawa ba ne, amma a ƙasar Gwandu ba a rasa wanda ya karanta Risala da Muhtasar, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa. Abin da suka tafi a kai shi ne, in ba gida ko gona ba ne, kaya suna wuyan mai sayarwa har su shiga hannun mai saye, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka. A cinikin salam kuma, inda a ke ba da kuɗi tukuna kaya su biyo baya, sun wajabta a san siffa, a san adadi, a kuma san ajali. Watau tun can ba a yarda mutum ya karɓi kuɗin wani ya ce masa sai ran da ta yiwu ba.

Dokar ciniki ta Ingila ta 1893, wadda Turawa suka shigo da ita, dokokin cinikin ƙasar nan kuma suka tsiro daga gare ta, ta ɗan sassauta wa mai sayarwa, don a wurinta miƙa kaya ga mai ɗauka kamar miƙa wa mai saye ne, in ba a nuna akasin haka ba. Amma ko ita ta ɗora masa ya aika cikin lokacin da hankali zai ɗauka in ba a yanka rana ba, ya kuma yi yarjejeniya ta kirki da mai ɗaukar, ta ce kuma hasarar da jinkiri ya jawo tana kan wanda jinkirin ya zo ta wajensa. Su Ingilishin da kansu sun ga wannan bai isa ba, a 2015 suka yi sabuwar doka wadda ta ce in ba a yi wani wa'adi ba a kawo kaya cikin kwana 30, kuma suna wuyan ɗan kasuwa har mai saye ya karɓa. Mu kuma a nan akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC. A cikinta an ba mutum haƙƙin a yi masa aikin da ya biya a kan kari, a kuma sanar da shi da wuri in wani jinkiri da ba makawa ya taso, an kuma ba shi damar soke odar da ya yi tun gaba, ko da za a cire wani abu daidai gwargwado.

Ra'ayinmu dai shi ne, wanda ya karɓi kuɗi shi ne abin kamawa, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Malamin nan na Gwandu bai zaɓi direba ba, bai san sunansa ba, bai yi ciniki da shi ba. Mai kaya ne ya zaɓe shi, shi ya kamata ya bi sawunsa, in kuma kwanaki sun wuce ya mayar da kuɗi, daga baya shi da direba su sasanta. In kamfanin kasuwa ne ya riƙe kuɗin, shi ya rubuta ranar isowa, motarsa ce kuma ta ɗauka, to nauyin ya koma kansa, bai kamata ya fake da ɗan kasuwar da ya kai kaya ma'ajiya cikin kwana 2 ba. Abin da ya fi ba mu haushi kuwa ba jinkirin kansa ba ne, shirun ne. Karyewar gada ba laifin kowa ba ce a cikin masu ciniki, amma wanda ya san gada ta karye ya ci gaba da karɓar kuɗi yana cewa kwana 3, ko ya ƙi ɗaukar waya, wannan ya bar sahun masu uzuri. Haka nan wanda ya baje hoton abin da ba ya da shi, sai an biya tukuna ya shiga kasuwa nema, yana kuma cewa kaya na hanya.

Wannan na ƙarshe ya fi yawa a ɗaya irin cinikin, wanda a ke yi ta WhatsApp da Facebook da Instagram, ba kamfani a tsakani. Mai atamfa a Kantin Kwari a Kano ta sa hoto, a tura mata kuɗi kai tsaye, ta kai tasha ta ba direba, ta turo lambar wayarsa. Sau da yawa wannan ya fi na kamfani sauri nesa ba kusa ba, don motar Kano kullum tana tashi, akwai kuma masu amana da yawa a ciki. Sai dai in abu ya ɓaci ba wanda ke riƙe da kuɗin mutum balle ya mayar masa, takardar shaida kuwa ba ta wuce hoton ƙunshi a bayan mota.

Adalci ya sa mu faɗi namu laifin. Akwai wanda za a kira shi sau 5 wayarsa a kashe, akwai wanda ya zaɓi a biya sa'ad da kaya suka iso, da suka iso ya ce ya fasa, aka koma da su Ikko bisa hasarar mai su. Irin wannan ne ke sa 'yan kasuwa jan ƙafa in sun ga adireshi mai nisa. Akwai kuma sha'anin taurarin nan da a ke ba mai kaya bayan ciniki. Mutum ya fusata da mota sai ya huce a kan mai kaya, ya ba shi tauraro ɗaya, alhali kayansa nagari ne kuma ya ba da su a kan kari. Ƙaramin ɗan kasuwa da sunansa ya ke ci, kuma mu tuna 'ya'yanmu ma sun fara sayar da shinkafa da albasa da busasshen kifi ta wannan hanya ga mutanen kudu, hanyar da ke jinkirta mana ita ke jinkirta musu.

Sabo da haka muna jan hankalin ma'aikata da malamai, waɗanda jama'a kan zo wurinsu a yi musu oda, kafin a tura kuɗi a nemi mai kaya ya rubuta ranar isowa, da inda za a sauke, ko Birnin Kebbi ne ko cikin Gwandu, da wanda zai biya kuɗin ƙarasawa, da abin da za a yi in ranar ta wuce. A ajiye wannan rubutu tare da shaidar banki, don da su ne za a kai ƙara ga kamfani, in bai saurara ba a wuce ga hukumar FCCPC ko kotu. Kayan salla kuwa a yi odarsu tun cikin Sha'aban.